Daren Ɗaurin Kaya

Matso da fitilar nan, Babayo, an ɗauke wuta.
Jekadafari ta yi barci, mu kaɗai ne ido biyu.
Sau tara ina ƙetare gajimare saro leshi da mayafi,
abin da ƙafata ta koya, bari in zuba maka a kunne.

Fasfo ba kaya ba ne, fatar jikinka ce.
Na ɗinka masa aljihu a cikin 'yar shararka,
nan zai kwana, nan zai tashi.
Akwati kan bi wani jirgin ya tafi yawon duniya,
kai dai kada ka rabu da sunanka.

Da la'asar na kai jakarka Tudun Hatsi,
Malam Manu ya ɗora ta a sikelin wake.
Kilo uku sun hau kai.
Fid da daddawar, rage kukar nan.
Can ba a jin "yi haƙuri, ɗan'uwa",
kowane kilo da bakinsa, kuma dala yake ci.
Ungo jan ƙyallen atamfa, ɗaura a mariƙi:
baƙaƙen akwatuna za su fito a jere
kamar awakin unguwa da almuru,
taka ce kaɗai mai tsagar kunne.

Lawanti ɗaki da falo ne.
Abuja ma da dama-dama.
Sai ka sauka Istambul za ka ga gari guda an yi masa rufi,
ba rana, ba inuwa, ba zakara,
ƙasa tana tafiya da mutane suna tsaye.
In za ka hau matakala mai gudu, tattare bakin rigarka.

A layin bincike kwance bel, cire agogo,
zazzage aljihu a faranti tun ba a ce ba.
Ruwan gorarka shanye shi.
Ni man shanun Dukku na riƙo, kwalba guda,
wata doguwa mai safar hannu ta jefa shi kwandon shara
ina tsaye ina kallo.
Har yau ban yafe ba.

Ɗaga kai ka nemi allo mai haske.
Sunan gari kan ruɗi baƙo, lambar jirgi za ka bi,
ka duba, ka sake dubawa,
ƙofa tana sauyawa kamar kuɗin tumatir a Kwadon.
Fara zuwa ka ga ƙofarka da idonka,
daga nan bi kibiya, akwai wurin salla.
Shayinsu kofi ɗaya kuɗin mudun shinkafa ne,
shi ya sa na soya maka cincin.

Wani zai zo da murmushi da Hausa mai zaƙi:
"Riƙe mini ƙunshin nan, maganin tsohuwa ne."
Ko ya ce ɗan Bolari ne, ko ya ambaci kakanka,
ce masa hannunka ya cika.
In ka rikice, tambayi mai kaki, ba mai fara'a ba.

Saura ɗaya, ban taɓa faɗa wa kowa ba.
Tafiyata ta biyu, ni ina can, agogona yana Gombe.
Na miƙe ƙafa a kujera, wai da sauran awa biyu.
Lasifika tana ta kiran wata mata,
an murɗe sunanta kamar wanki,
har tausayinta na ji.
Ashe ni ce.
Na kwana a tayil, jaka ce matashina,
na ce wa maigidana hadari ne ya tsare mu.
To, kana sauka, juya agogonka.

Dariya kake? Yi abarka.
Sa cajar waya a jakar hannu, da maganin murar nan.
In ka isa, kira ni kafin ka kira abokai,
ko ƙarfe ukun dare ne, ba barci zan yi ba.

Gobe a Lawanti, in ka wuce gilashin nan,
kada ka waiwayo neman Adda Dudu.
Zan ce wani abu ne ya faɗa mini ido.
Kai dai duba allo.